Mai Tuta da Littafin Gada

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shekara goma sha ɗaya ya yi yana gadin gadar da kamfanin haƙar ma'adinai ya gina a kan koginmu. Mai Tuta kowa ke ce masa, saboda jan ƙyallen da yake ɗaga wa manyan motoci. Ba don mu aka yi gadar ba, don tifofin kamfani aka yi ta, amma an yarje mana mu riƙa haurawa idan babu mota a kai. Sharaɗi ɗaya ne: duk mai wucewa sai an rubuta sunansa a wani ƙaton littafi da ke ɗakin gadi.

Kawu kuwa mutum ne mai jin nauyin tsayar da jama'a. Ya ga tsohuwa da kaya niƙi-niƙi, rana na dukanta, ya ce ta jira ya nemo biro? Ina! Sai ya ɗaga sandar ƙofa, har ya bi ta da tsokana wai ta wuce mijinta ba ko gaisuwa. Masu babur, 'yan makaranta, mata masu zuwa awon ciki a asibitin ƙetare, duk haka. Sai ran da ya ji manaja zai leƙo yake rubuta mutum biyar ko shida. Matarsa ta sha yi masa magana, ya ce takarda ba ta san gajiya ba, ƙafa ce ta san ta.

Ni kaina na haura ya fi sau dubu, ban taɓa cewa a rubuta ni ba. Abin da ke ci mini rai ke nan har yau.

Da kamfani ya ƙaro motoci, aka zauna a duba ko a yi mana hanyar ƙafa a gefen gadar, ko a rufe mana ita. Dattawanmu suka rantse ɗaruruwa ke haurawa kullum. Manaja bai yi musu ba, ya aika aka kawo littafin. Shafi na farko mutum shida, sai wayam, wayam, sai mutum biyar. Ya ce ba za a yi gini don mutanen da ba su cika mota ɗaya ba.

Kawu aka miƙa wa kwaɗon, shi ya rufe mana gadar da hannunsa. Ba wanda ya zage shi, kuma na san da an zage shi da ya fi masa sauƙi. Bayan wata biyu ya ajiye aikin.

Yanzu kwalekwale muka koma, tifofi na ruri a samanmu. Kullum da safe Kawu yana bakin ruwa a kan benci, da littafi da biro ɗaure da zare, ba wanda ya sa shi. Ran nan ina sauri, na gaishe shi zan wuce, ya riƙe mini hannun riga.

"Tsaya, ɗan nan. Faɗi sunanka."

"Haba Kawu, ni ɗin ma?"

"Kai ɗin ma. In sun sake tambaya, a same ka a ciki."

Na tsaya yana rubutawa a hankali, har kwalekwalen ya tashi ya bar ni.