Jibirin Mai Ɓeraye da Jabanar Hannatu

A ƙauyensu da ke gefen garin Hajj Abdalla, in ka ce kana neman Jibirin sai a tambaye ka, "Mai ɓeraye?" Da can sunan yana masa zafi. Yanzu ko a jikinsa.

Ɗan manomi ne. Mahaifinsa yana da hawasha, wato gonar haya ta noman rani a yankin Jazira, kuma Jibirin ya tashi yana tsinkar auduga, yana wanka a magudanar da ke shayar da gonaki. A samarin lokacin babu wanda ya kai shi kashe ɓera a gonar dawa. Da ruwa ya fara yankewa, auduga ta daina riƙe gida, sai ya tafi Madani neman aiki. Ya samu a jami'a, a wani dogon ɗaki da ke bayan ɗakin gwaje-gwaje. Aikinsa shi ne ya ciyar da fararen ɓeraye, ya cika musu kwalaben ruwa, ya canza garin katakon da suke kwana a kai.

"Ya zol, mutumina, mu muna kashewa, kai kana yi musu shimfiɗa?" in ji abokansa duk ranar Alhamis da ya zo gida.

Ya dai saba da ɗakin har ya so shi. Yana son ƙarar tsohuwar fanka, da yadda jajayen idanu ke juyowa gaba ɗaya in ya buɗe ƙofa da safe.

Wata shekara aka kawo ɗaliba mai suna Ramla, mai bincike a kan ciwon sukari. Takan yi wa ɓerayen allurar da ke sa musu ciwon, sannan ta ba wasu magani, ta bar wasu haka nan don a ga bambanci. Jibirin ne mai wanke keji, saboda haka komai a gabansa ya faru. Waɗanda ba a ba magani ba sukan shanye kwalba kafin azahar, su jiƙa shimfiɗarsu sharkaf. Suna ci kamar ba gobe, amma suna ramewa. Daga baya kuma sai yanar ido ta rufe musu gani, jan idon ya koma fari kamar nono.

A gida kuwa akwai Hannatu, matarsa. Duk unguwar an san jabanarta, wato kofin da take dafawa. Da hantsi takan soya kofi a kan gawayi, ta daka da citta, ƙamshin ya kirawo mata maƙwabta zuwa gindin darbejiya. Sukari kuwa sai ya kai rabin ɗan finjali. Likita ya riga ya gaya mata tana da ciwon, kuma tana shan ƙwayar in ta tuna. Amma a wurinta abin kunya ne uwar gida ta miƙa wa baƙo jabana ita ta zauna hannu wofi, ko ta sha wadda ba irin tasa ba. Kowa ya shigo sai ta taya shi.

Jibirin ya ga yadda take zarya zuwa randa. Ya ga awarwaronta yana zamewa har gwiwar hannu. Ran nan ta ce wai rana ta yi hazo, alhali sama fes take. Ya san abin da ke biyo baya.

"Uwar Tahir, ki rage sukarin nan, don Allah. Idonki nake jiye miki," ya ce wa Hannatu.

"Kai da ke wuni hira da ɓeraye za ka koya mini jabana?"

Ya yi lallashi, ya yi fushi, ya ɓoye gwangwanin sukari. Ta aika aka aro a maƙwabta. Da ya rasa dabara, sai ya roƙi Ramla ta ara masa ɓera ɗaya ya kai gida a kwando ya nuna wa matarsa.

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ammu Jibirin, baffana, ɓera ba ya fita daga ɗakin nan. Ka kawo ta ta gani."

Ya ce wa Hannatu an kawo sababbin finjalai a kasuwar Madani. Bayan sun saya, ya biya da ita wurin aiki. Ta shiga tana toshe hanci da gefen mayafi, tana cewa ashe wannan ne ofis ɗin da ake yi mata alfahari da shi.

Ya buɗe keji. Ya ɗauko wani ramammen ɓera ya ɗora a tafin hannunsa, ya kaɗa yatsa a gaban fuskarsa. Ɓeran bai ko motsa ba. Yana ɗaga hanci kawai yana shinshina iska.

Hannatu ta sauke mayafin daga hancinta. Ta daɗe tana kallo, sannan ta juya ga Ramla.

"Ɗiyata, ke kika yi masa haka? Ba ki tsoron Allah?"

Ramla ta sunkuyar da kai. "Ni ce, Khaltu, innata. Ciwonki ne a jikinsa. Muna neman yadda za a tsare idon mutane."

"To ku ba shi ruwa," in ji Hannatu, ta fice.

Suka hau mota suka koma gida, ya ɗauka wahalar banza ya yi. Amma Alhamis ta gaba ya tarar da mata a gindin darbejiya suna ta shewa. Hannatu ta zuba wa kowa da sukari, tata kuwa baƙa wuluk take kurɓa tana yamutsa fuska.

"Wannan ai horo ne, ba jabana ba," in ji Juwairiyya, maƙwabciyarta.

"Malam ne ya kai ni gaishe da danginsa a Madani," in ji Hannatu. "Su suka yi mini nasiha."

Daga nan ta riƙe maganinta, tana zuwa awo, ko da yake har yau tana kiran jabanarta ruwan maɗaci.

Da yaƙi ya iso Madani, Jibirin ya fito da rigar jikinsa kawai, bai samu ko leƙa ɗakin ba. Bai san abin da ya sami ɓerayen ba, kuma ba ya son a tambaye shi. Ramla an ce ta bar ƙasar. Wani lokaci yakan ambaci sunanta yana murmushi, ya ce yarinyar ba ta taɓa ɗaukar ɓera ba tare da bisimilla ba.

Idon Hannatu na hagu ya ɗan dusashe, amma na dama yana nan garau. Kwanan baya Jibirin ya dawo daga gonar ƙanensa yana ɗingishi, ƙaya ta karye a diddigensa. Ya yi ta lalube da allura, shi ma tsufa ya ci nasa idon.

"Miƙo ƙafar, tsoho," in ji Hannatu.

Ta juya diddigen wajen haske, ta rufe idon hagu, ta zaro ƙayar ta ajiye masa a tafin hannu.