Murhun Ya Falmata Mai Rami Biyu

A duk unguwar Bukan Sidi ta garin Lafiya, murhun kakata Ya Falmata ne kaɗai ba ya sa mutum hawaye. Ba duwatsu uku ba ne irin na kowa. Ramuka biyu ne da aka haɗe ta ƙarƙashin ƙasa, ɗaya na wuta, ɗaya na shan iska. Da an idar da sallar magariba mu jikoki mukan kewaye shi, ta tura doya gefen garwashi, mu zuba ido. Ni na fi kowa haɗama, shi ya sa take kirana mijin da ba ya cefane.

Wata rana na tambaye ta wanda ya koya mata wannan murhu. Ta gyara zama ta ce, "Matso nan, maigida. Yau babu kura, babu zomo. Ga ta kakanku nan, ku karɓa." Muka ce ta zo, kunnuwanmu na jira.

Kakanmu, wanda unguwa ke ce wa Saja, ya rasu kafin a haife ni. Tana amarya aka ɗebe shi soja, zamanin yaƙin Turawa. A lokacin manyan soja sun lura cewa runduna mai yawa ba ta taɓuka komai a ƙungurmin daji. Sai suka fara tsamo 'yan kaɗan masu juriya, irin waɗanda yau ake kira kwamando, ana koya musu haye kogi da igiya, da tafiya ba a ji takunsu ba, da kwana da yunwa. Gwajin ƙarshe shi ne a sake su cikin daji su ɓuya, masu horar da su na farautarsu.

"To kakanku ɗan Lafiya ne, garin doya," in ji ta, tana dariya. "Ya jure ruwa, ya jure sauro, sai Allah ya haɗa shi da doyar daji."

Ya haƙo ta, ya hura wuta. Hayaƙi ya miƙe sama, ofisa ya biyo shi har inda suke. Ofisan bai yi faɗa ba. Zama ya yi ya cinye doyar suna kallo, sannan ya sa su duka gudu da gungumen icce a kafaɗa. Da suka huta, wani abokin kakanmu ɗan ƙabilar Eggon ya tona ramuka biyu ya nuna masa yadda busasshen icce ke ci ba hayaƙi. Da aka sake gwada su, sun ci mai zafi kuma ba wanda ya gan su.

Daga nan aka loda su a jirgin ruwa, labari ya yanke. Damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo. Dangi suka fara zuwa da maganar ta shiga takaba.

"Na ce musu, mutumin da aka koya wa ya ci abinci ba a ga hayaƙinsa ba, shi kuke so ya aiko muku labari? In kun ji shiru, horon ne ya shige shi." Ta juya doyar, muryarta ta yi ƙasa. "Amma tsoro kam na ji shi, ba zan ɓoye muku ba."

Daga baya kakanmu ya dawo, a rame kamar kara. Washegari ya karɓi fartanya ya tona mata murhun nan a bayan ɗakinta.

Ina yaro, doyar kawai na riƙe a labarin. Bana ɗana Bukar ya shiga horon kwamando, aka karɓe musu wayoyi. Mahaifiyarsa ta koma duba waya kamar mai jiran tukunya ta tafasa, ni kuma ina nuna dauriya a fili kawai. Sai yanzu na gane Ya Falmata ba murhu take koya mana ba. Tana nuna mana yadda ake zama da shiru ba tare da an binne mai rai ba.

Ran nan da yamma na tona ramuka biyu a tsakar gidanmu a Akurba. Hayaƙi ya turnuƙe mu har muna tari. Matata ta yi dariya, karo na farko tun tafiyarsa, ta ce, "Baban Bukar, da kai ne a dajin, da tuni an kama ku."

Na buɗe ramin iskar, wuta ta kama tas. Muka gasa doya muka ci da manja, wayar tana can cikin ɗaki.