Allurar Baya da Gangar Noma

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har fuskokin wasu da na zauna da su sun ɓace mini, amma ranar da aka yi gayya a gonar maigidana a Lajawa ba za ta taɓa fita daga raina ba. Lokacin Turawa ba su tafi ba, ina goyon ɗana na biyu.

Maigidana manomi ne na ji da kai, irin wanda idan ya sunkuya da garma samari ke ja da baya. Wata kaka yana ɗaga buhun gyaɗa bayansa ya riƙe. Ciwon ya tashi daga ƙugu, ya bi cinyar hagu har tafin ƙafa, ya ce ji yake kamar ana zura masa waya mai zafi. Wanzami ya yi ƙaho, an yi sakiya, an shafa duk man da aka kwatanta mana, shiru. Rani ya zo ya wuce yana kwance. Ni ce juya shi, ni ce kai shi bayan gida, ni ce daka, ni ce rijiya. Ba zan ɓoye ba, na gaji, irin gajiyar da barci ba ya saukewa. Ga mai ciwo ba ya rasa abin faɗa, yau fura ta yi ruwa, gobe tuwo ya yi tauri.

Da bazara ni da ƙaninsa muka kai shi Wudil a kan jaki, daga nan muka shiga motar kaya zuwa asibitin birni. Aka shiga da shi ciki, mu kuwa a baranda aka bar mu. Can sai ga tafintan likita ya fito. Ya ce akwai guringuntsi tsakanin ƙasusuwan gadon baya, to nasa ne ya goce yana danne jijiya, kuma an yi masa allura a ƙasan baya. Sai ya dube ni ya ce, “Baiwar Allah, ki ji da kyau. Allurar nan zafi take kwantarwa, ba ta mayar da abin da ya goce. Bana kada ya taɓa garma, kada ya ɗauki kaya, ko da ya rantse miki ya warke.”

Muka ce to. Amma a wurinmu a wancan zamani, allura ita ce ƙarshen magani. An yi maka allura, magana ta ƙare. Da kuwa muka dawo gida maigidana ya tashi da ƙafarsa ya je masallaci, garin kaf ya gama yanke hukunci ya warke. Ni ma na samu na yi barci har da minshari.

Damina ta sauka, lokacin huɗa ya yi. Mutanen unguwa suka ce ba za su bar gonarsa ta lalace ba, suka kira gayya. Nasa kawai ya zauna a gindin ɗorawa yana yi musu sannu. Da hantsi na kai musu kunu, na same shi a zaune kuwa, har na ji daɗi.

Sai makaɗin noma ya hango shi. Tsohon abokinsa ne, shi ke yi masa kiɗa tun suna samari. Kawai ya juya ganga ya kama takensa, yana matsowa. Samari suka ɗaga garma suna yi masa kirari. Na ga babban yatsan ƙafar maigidana yana motsi a cikin ƙasa.

Na matsa na ce a hankali, “Malam, ka tuna abin da aka ce a asibiti.”

Ya ce, “Ke dai kawar da ƙwaryar nan. Ana kiɗana a gonata ina zaune? Kunya ɗaya zan yi in dawo.”

A gaban maza ba ni da bakin da zan ƙara. Ya karɓi garma a hannun ƙaninsa, ƙanin da ya ji gargaɗin da kunnensa, ga shi yana dariya. Gaskiya ya huɗa, ƙasa na kifewa gwanin sha’awa, ya kai ƙarshe ya juyo ya kama ta biyu. A tsakiyarta ya tsaya a sunkuye, ya kasa miƙewa. Ko ƙara bai yi ba, sulalewa ya yi ya kwanta a gefe ɗaya. Ganga ta yi shiru. A kan ƙyauren wani aka kawo mini shi gida.

Mun koma asibiti an sake allurar. Zafin ya ragu, amma ƙafar ba ta dawo ba, ja ya riƙa yi da ita har ya koma ga Allah. Bai sake noma ba, tufkar igiya ya koma yi a ƙofar gida. Makaɗin ya zo ya durƙusa a zaure ya ce, “Wallahi, uwar gida, don in faranta masa na yi.” Na ce na sani. Na sani ɗin kuwa, shi ya sa ko wanda zan yi wa fushi ban samu ba.

Abin da na koya shi ne lafawar ciwo daban, warkewa daban, kuma ranar da mara lafiya ya ce ya ji sauƙi ita ce ranar da ya fi bukatar a tsare shi, har daga masu ƙaunarsa. Duk waɗanda suka yi masa kirari, da yamma suka koma gidajensu. Ni aka bari da juya shi.