Ɗingishin Injin Babagana

Duk wanda ya taɓa kai niƙa unguwar Yerimaram ya san Babagana Mai Inji. Ƙaton mutum ne, fari fat da gari daga hula har gira, shi ya sa ba wanda ya san shekarar da furfura ta fito masa. Ya gaji injin daga mahaifinsa, tare da rumfar kwanon da ke jingine da katangar gidansu. In ka tambaye shi sana'arsa, sai ya ce shi mawaƙi ne, niƙan kuwa don kada inji ya yi ta juyawa a banza ne.

Ba ya waƙar biki, ba ya roƙo. Tsofaffin waƙoƙin malamai yake bi, na wa'azi da na tuna lahira, irin waɗanda tsofaffi ke rerawa ba kiɗa. Shi kuwa ya ce ƙarya ne, ba waƙar da aka haifa ba kiɗa, sai dai wadda kiɗanta ya ɓata. Aikinsa a duniya shi ne ya nemo wa kowace nata. Ganga ba ta burge shi, fiyanon samarin situdiyo kuwa ya ce ba shi da ciwo a jiki. Kunnensa na ga ƙarfe mai aiki. Cikin kekunan haya masu ƙafa uku, ya san na wane ne ke da karin waƙar tuba. Ya ce janareton mai shayin bakin titi ba shi da tarbiyya, yana katse baiti a tsakiya. Tirelar da ta ɗauko shanu tana fita daga gari, wannan a wurinsa muryar dattijo ce mai nadama. An taɓa ganinsa a cikin keke guda, daga Yerimaram zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa Yerimaram, tun hantsi har azahar bai sauka ba, don wata waƙa ta zauna daidai a kan ƙarar salansar.

Ni maƙwabcinsa ne. Na yi shekaru ina tsara baitoci kafin numfashina ya gajarta na koma rubutun zube, saboda haka nakan zauna a bencin rumfarsa, inda ba a jin maganar kowa, ina hutawa da mutane.

A bayan katangar da injin ke jingine akwai ɗakin Iya Meram, yayar mahaifiyarsa. Ta tsufa ƙwarai, kunnenta ya toshe, idonta ya yi hazo. Kakanta, Malam Muhammadu Lawan na Mamudo, wani ƙauye da ke can bayan gari, ya bar wata doguwar waƙa da dangi ke kira Waƙar Rijiya. Gara ta cinye takardun tun kafin a haifi Babagana. Abin da ya rage na waƙar yana cikin kan Iya Meram, ita ma kuma ba ta iya fito da shi in ta so. In aka tambaye ta sai ta ce ta manta. Amma in aka tada inji, ta jingina bayanta da katanga, girgizar ta ratsa ta, sai baiti ya fito da kansa, ɗaya ko biyu, wani lokaci har da ɗan tari a tsakani. Babagana yakan bar kwanon mutane a bakin inji, ya zagaya da gudu, ya durƙusa a ƙofarta ya ɗauka.

Sirrin yana ga bel ɗin injin. Ya taɓa tsinkewa a zamanin mahaifinsa, aka haɗa shi da guntun fatar raƙumi da waya. Duk sanda facin nan ya zo wucewa ta kan tayar ƙarfe, sai injin ya ɗan ɗingisa: gidim, gidim, gidi-fat. Na auna baitocin da yatsuna bisa duk ma'aunin da na sani, ba su zauna ba. A kan ɗingishin nan kaɗai suke zama. Baitin farko da na ji daga bakinta shi ne:

Ja igiya sannu, ɗan'uwana,
Wanda ya haƙa bai sha da yawa ba.

Rubutawa ba wuya, na rubuta duk abin da ya fito. Wuyar ita ce fitowar. A haka aka yi shekaru ana tatsar waƙar kaɗan-kaɗan, har Iya ta ce an kusa rabi.

Sai Babagana ya aurar da 'yarsa ta fari, Sadiya, ga wani makanike mai suna Abatcha. Yaro ne mai ladabi, mai hannu, wanda ba ya iya wuce abu karkatacce bai miƙe shi ba. Ranar da Babagana ya tafi ta'aziyya Danchuwa, Abatcha ya ga dama ta samu ta kyautata wa suruki. Ya zo da sabon bel, ya wanke injin, ya ɗaure duk wani noti, ya zuba baƙin mai sabo.

Ina zaune Babagana ya dawo. Tun daga bakin layi ya tsaya, ya karkata kai. Injin na juyawa sumul, kamar mage mai barci. Abatcha na tsugune a gefe, kai a ƙasa.

"Baba, ɗan abin da na iya ne," in ji shi.

Babagana ya dubi katanga, ya dubi sama, ya dube ni. Mutum ba ya faɗa da mijin 'yarsa ta fari, ko sunansa ma ba ya kamawa.

"Allah ya yi albarka," ya ce, muryarsa kamar ta mai karɓar gaisuwar mutuwa.

"Gobe zan zo in duba rufin rumfar ma, Baba."

"Allah ya ƙara albarka."

Da yamma Iya Meram ta jingina da katanga, ta daɗe, sannan ta aika a kira shi.

"Gana, wa ya rasu aka kashe inji?"

"Yana aiki, Iya," ya faɗa a bakin kunnenta.

"To wannan ba namu ba ne. Wannan ba shi da abin faɗa."

Daga ranar ko baiti ɗaya bai sake fitowa ba. Damina ta sauka, ita kuma ta kwanta ciwo, kunu ma sai an lallashe ta. Wata safiya ta ce masa, "Gana, rabin waƙar nan na cikina, ni kuwa ban ga alamar zan ga girbi ba. In za ka zo ka ɗauki kayanku, ka zo."

Ni aka aika wurin Abatcha, tunda suruki ba ya iya faɗa da bakinsa. Na same shi a garejinsa, ƙarƙashin wata mota.

"Surukinka yana so ka mayar da injin yadda yake."

Ya fito da sauri yana goge hannu. "Ya sake lalacewa, Malam?"

"Bai lalace ba. Matsalar ke nan."

"To me zan gyara?"

"Ba gyara za ka yi ba, ɓatawa za ka yi. Amma daidai yadda yake a ɓace da."

Ya daina goge hannun. "Malam, ko na yi wa Baba wani laifi ne, yake gwada ni?"

Da ƙyar na fahimtar da shi. Ya zo da akwatin kayan aikinsa, ya tsuguna gaban injin kamar wanda aka ce ya yanka ragon da ya yi kiwo. Ya kwance noti guda. Sadiya ta tsaya a ƙofar gida tana kai rahoto tsakanin rumfa da ɗakin tsohuwa.

"Iya ta ce wannan tari ne."

Ya cusa tsakuwa a ƙarƙashin ƙafar injin.

"Ta ce wannan rawar 'yan mata ce, a ji tsoron Allah."

Ya yanka sabon bel ɗin da hannunsa, ya haɗa shi da fata da waya. Amma hannun da ya saba gyara bai san ɓarna ba. Haɗin ya fito lafiya lau, ko alamar ɗingishi babu.

"Ta ce a gaida makanike, ya iya aiki."

Sadiya ta tuna tana da wani tsohon bidiyo a waya inda ake jin ƙarar injin. Aka kunna, aka manna wayar a katanga. Iya ta kaɗa hannu kusa da kunnenta ta ce wa ya bar ƙofa sauro ya shigo.

Sai a lokacin Babagana, yana fuskantar buhun dawa, ya tambayi buhun ko ya san inda tsohon bel ya shiga. Abatcha, yana fuskantar ƙasa, ya gaya wa ƙasa cewa ya ba wani mai ɗinkin takalman taya a kasuwar shanu.

Ranar kasuwa muka tafi, ni da Babagana. Muka ratsa taɓo da ƙahoni da dillalai har muka sami mai takalman a gindin wata bishiya.

"Bel mai kyau," in ji shi. "Na yanka shi tuni. Makiyaya sun kwashe."

"Suna ina?" in ji Babagana.

"Wa ya sani, Alhaji. Wasu sun yi arewa da shanu, wasu sun bi tirela kudu."

Babagana ya juyo gare ni. "Malam, in muka bi su ɗaya bayan ɗaya, muka karɓo, aka warware aka ɗinke."

"Iya ba za ta jira mu dawo daga kudu ba," na ce.

Mai takalman ya laluba cikin buhu ya jawo wasu. "Saura waɗannan. Ba mai so. Ƙafa ɗaya ta faɗa kan wani faci mai kauri, duk wanda ya gwada sai ya ce zai karya masa ƙugu."

Babagana ya karɓi na hagun, ya shafa fatar raƙumin da yatsa kamar goshin jariri. Ya tuɓe nasa ya saka su, ba don komai ba sai don kewa. Kafin ya gama kallon ƙafarsa, mai takalman ya riga ya yanka tsohon silifas ɗinsa ya yi wa wani Bafulatani faci da shi. Dole da sababbin muka dawo, yana tafe yana tangaɗi, yana tsine wa ranar da aka ƙirƙiro ladabi.

Kai tsaye ya wuce ɗakin Iya don ya gaya mata an rasa. Saboda ɓacin rai ko takalmin bai tuɓe a ƙofa ba. Tana kwance a tabarma, tafin hannunta a kan daɓe. Ƙato ne, na faɗa, ƙasa takan san ya taka ta. Ya yi taku kaɗan a cikin ɗakin: gidim, gidim, gidi-fat.

Iya ta ɗaga kai. "An tada inji?"

Ya tsaya cik.

"Wa ya kashe? Ku tada, ga shi nan ya zo bakina."

Babagana ya dube ni, na nuna masa ɗakin da yatsa na zana da'ira. Ya fara zagaya tabarmar. Bai kai ga randa ba baiti ya fito, sabo, wanda ba mu taɓa ji ba, wani kuma na bin sa.

Haka aka ƙarasa daminar. Kullum bayan la'asar Babagana ya rufe rumfa, ya saka takalmin, ya shiga zagaya tsohuwa, yana haki yana maimaita abin da ta faɗa. In ya yi sauri ta ce, "Gana, ba kora ake yi ba." In jiri ya ɗebe shi ya juya ta ɗaya hannun, ta ce ya mayar da waƙar baya. Matan unguwa suka ɗauka wani magani ne na Barno, har wata ta kawo mijinta mai ciwon baya a zagaya shi.

Wata rana da ta huta na sunkuya na tambaye ta abin da ya daɗe yana damuna, wato me ya sa waƙar ba ta zama sai a kan ɗingishi.

"Ai Malam ƙafarsa ɗaya gajera ce," ta ce. "A hanyar Mamudo zuwa kasuwa yake tsara ta, yana tafe."

"Iya, me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?" in ji Babagana.

"Wa ya tambaye ni? Kai inji ka tambaya."

Gero ya fara fitar da kai ranar da ta rera:

Na ajiye guga a bakin rijiya,
Mai zuwa baya ya ɗauka ya ja.

Daga nan ta rufe ido. Babagana ya ci gaba da zagayawa yana jiran na gaba, har aka kira sallar magariba. Sannan ta buɗe ido ta ce, "Kai kuma me kake nema a ɗakina? Ai ta ƙare tun ɗazu."

Ta ga girbi, har ta sha kunun sabon gero, sannan ta rasu.

Yanzu Waƙar Rijiya na bakin Babagana daga farko har ƙarshe, sai dai ba ya iya rera ta a zaune. In aka gayyace shi walima, yakan fara a tsakiyar taro, ya zagaya, wuri ya yi masa kaɗan, ya fita ƙofa ya kama titi, masu son jin ƙarshe su bi shi a baya da kofunan zoɓo a hannu. An taɓa ƙarasa wata walimar sauka a kusa da Mamudo. Sadiya ta haddace fiye da rabi, tana rerawa tana aikin gida, ita ma ta fara ɗan ɗingisawa ba ta sani ba.

Abu guda ne ke hana shi sakewa. Kwanan baya Abatcha ya zo gaisuwa, ya tsuguna, kai a ƙasa kamar kullum, idonsa ya sauka a kan ƙafar surukinsa. Ya daɗe yana kallon takalmin nan na hagu. Sai ya ce a hankali, "Baba, wannan ai ɗan aiki ne kaɗan."

Tun daga ranar, ko masallaci Babagana ya shiga, takalmin dama kaɗai yake bari a ƙofa. Na hagun yana hammatarsa.