Sabulun da Ya Sandare a Bokiti

Sana'ar gidanmu a Zoza matsar man gyaɗa ce da ƙuli-ƙuli, ni da gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina ƙarama. Shekarar da mai ya yi kwantai, na ce bari in koyi haɗa sabulu da shi. Malamata kuwa waya ce. Nakan jingina ta da tulu, in kunna bidiyo a babban shafin nan da kowa ke shiga.

Matsalata ɗaya, talla. Mai koyarwa tana tsakiyar magana sai wani ƙato ya faɗo yana ihun a sayi man bilicin ko a shiga caca. Gwaggo takan ɗago kai daga tunkuza ta ce, "Wai shi wannan baƙon bai iya sallama ba ne?"

Ran da tura ta kai bango, na ɗaure hannuwana da leda saboda soda tana cin fata. Na zuba ruwan soda cikin mai ina juyawa da muciya, matar ta ce, "Da zarar kin ga ya fara kauri sai ki..." Talla ta shigo. Ba irin wadda ake tsallakewa ba, kuma tana ƙarewa wata ta biyo. Ni ga hannu duk soda, ban san mataki na gaba ba, na yi ta juyi. Kafin matar ta dawo, haɗin ya sandare a bokiti da muciyar a tsaye a tsakiya.

Gwaggo ta yi dariya har da hawaye. Ni kuwa ban yi ba. A ranar na kira yayata da ke aure a Karaye, malamar makaranta ce, na zayyane mata.

"To dole ne sai can?" in ji ta. "Kasuwa ɗaya ce a duniya?"

Ta turo mini sunayen wasu ƙananan shafuka. Na farko ban daɗe ba na fito, kusan babu Hausa a ciki. Wani kuma nauyi gare shi, sabis ɗin garinmu ba ya iya ɗaukarsa. Ban karaya ba, don wanda ya saba tsince gyaɗa ba ya gajiya da zaɓe. Daga ƙarshe na dace da wani da mata masu sana'ar hannu ke zuba bidiyonsu. Hoton dishi-dishi, zakara na cara a bayan mai magana, amma idan ta fara bayani sai ta kai ƙarshe ba wanda ya katse ta. Ana kuma iya saukewa. Ran kasuwar Rogo, inda sabis ke da ƙarfi, nakan sauke abin da nake so, in zo gida in kalla sau biyu kafin in taɓa soda.

Sabuluna na gaba ya fito sumul. Na yanka shi da zare, na shanya a inuwa, maƙwabta suka fara aiko yara. Babban shafin ban rantse na bar shi ba, nakan leƙa idan na rasa abu, sai dai ba na ƙara miƙa masa aikina.

Wata rana na ɗauki bidiyon Gwaggo tana matsar mai, hannuwanta kawai, na ɗora a ƙaramin shafin. Masu kallo ba su da yawa, amma wata baiwar Allah ta rubuto tana tambayar yawan ruwan zafin da ake zubawa. Na karanta wa Gwaggo.

Ta gyara zama, ta ce, "Ki ce ina gaishe ta da aiki. Ki gaya mata ba a aunawa. Ta riƙa zubawa kaɗan-kaɗan, idan tunkuzar ta daina kama mata hannu, to man ya kusa. In bai fito ba ta sake tambaya."