Zaman da Na Yi a Bakin Ƙofar Italiya

Ko da tsufa zai kwashe mini duk abin da ke kaina, akwai rana ɗaya da na san sai ya bar mini ita: ranar da na zauna dirshan a bakin wata ƙofar dutse a ƙasar Italiya, na ce ba inda za ni. Shekaru sun shuɗe, amma har yau in na tuna sai kunya ta fara kama ni, sannan dariya ta biyo baya.

Ni haifaffiyar unguwar Misfala ce a Makka. Kakata da ƙafa ta zo Makka daga Kano, a nan ta haifi uwata, a nan aka haife ni. Ban shiga makaranta ba, wannan ɗin ma faɗa nake yi ana rubutawa, amma ban taɓa yarda wani ya kira ni jahila ba. Na tsufa ina sayar wa alhazai yaji da kuka da turaren wuta. Na yi ciniki da Baturke, na yi faɗa da Ba'indiye, kowa da harshensa. Duniya ce take zuwa ta same mu har gida, don haka na ɗauka ba abin da ya rage mini ban sani ba.

Ina da jika mace, 'yar babban ɗana. Ni na raine ta tun rasuwar uwarta. Ita ce ta tafi Italiya karatun gyaran tsofaffin gine-gine. Ranar da ta gaya mini, na ce mata, "Mu nan tsoho rushe shi ake yi a gina sabo. Wa zai ba ki aiki?" Ta ce, "Da ke zan fara, Sitti." Haka take kirana, wato kaka. Da karatun ya zo ƙarshe, aka sa mata ranar da za ta tsaya gaban malamanta su yi mata tambayoyi, kuma a al'adarsu dangi suna zama a ɗakin su saurara. Ta kira ni ta ce in ba ta ga fuskata ba, bakinta ba zai buɗe ba. Haka muka hau jirgi ni da ubanta.

Ran abin, ita ta riga mu fita da sassafe. Mu muka biyo baya a tasi. Direban ɗan Maroko ne, da carbinsa rataye a madubi, da ya ji daga inda muke har roƙona ya yi in sa shi a addu'a in na koma Harami. Muna cikin hira sai ya taka birki a wani fili, ya ce iyakarsa ke nan, ba shi da izinin wuce nan, mu ƙarasa da ƙafa.

Na fito na ɗaga kai, sai ga ƙofa. Ban taɓa ganin irinta ba. Farin dutse ne da ya soma komawa ruwan zuma saboda daɗewa. Baki uku gare ta, babba a tsakiya, ƙanana biyu a gefe, da ginshiƙai masu kauri kamar an dasa su. A sama an sassaƙa zaki mai fukafukai, ƙafarsa ɗaya a kan littafi, ƙarƙashinsa dogon rubutu da manyan baƙaƙe, can ƙololuwa kuma ga gicciye. A gabanta an kafa wani allo mai jan zagaye, kusa da shi wani mutum cikin kayan sarki da farar hula. Ina kallo mota ta nufo ƙofar, ya ɗaga mata hannu, ya leƙa, ya girgiza kai, ta juya.

Nan take na gama fassara komai. Duk ɗan Makka ya san hanyar Jidda. Ya san babbar ƙofar nan mai kama da Alƙur'ani a buɗe, ya san allon da ke raba hanya biyu, ya san wurin da askarawa ke tsayawa suna duba mutane, wanda ba Musulmi ba ya kauce ya bi ta waje. Ni ban iya karatu ba, amma tun ina yarinya na san abin da ƙofa da rubutu da askar suke nufi in sun haɗu wuri ɗaya. Ga shi kuma Musulmi ɗan'uwana ya ce ba shi da izini. Na ce a raina, to, wannan shi ne haraminsu.

Ban ji haushi ba, wallahi. Abin da muke yi wa mutane a namu, ba zan ƙi a yi mini a nasu ba. Abin da ba zan ɗauka ba shi ne a mayar da ni a gaban jama'a. Na sha ganin yadda ake sauke marasa tasrihi, wato takardar izini, daga bas lokacin aikin Hajji, a tsayar da su a rana kowa na kallo. Ni da furfurata, a ƙasar mutane, askar ya ɗaga mini hannu? Akwai wani benci na dutse a gefe, na je na zauna.

Ɗana ya ce, "Inna, yalla, lokaci ya kusa."

Na ce, "Gwiwata ce."

"Gwiwar da ta hau benen masauki ɗazu tana rigana?"

"Ita ɗin. Yanzu ta tuna da shekarunta."

Ya ce bari ya nemo keken marasa lafiya. Na ce ni da nake ɗawafi da ƙafata ba wanda zai tura ni kamar buhun shinkafa. Na ce ya tafi shi kaɗai, ya ce ba zai bar ni a titi ba. Me ya hana in gaya masa gaskiya? Tsoro nake ya ce mu lallaɓa mu shige a ɓoye, kuma, in faɗi ta ƙasan zuciya, ba na son in tambayi ɗan da na goya abin da nake ganin ni ya kamata in sani.

Ina zaune amma idona bai zauna ba. Na ga ƙofar ba ta da ƙyaure, sai wasu ƙarafa masu kaurin cinyata da suka rage a jikin bango. Na ga wasu dogayen tsagu biyu a saman babban bakin, na rasa amfaninsu. Gefe da gefe ganuwar jan bulo ce, ƙarƙashinta wani kwari mai ciyawa, mutane na kwance a ciki suna shan rana kamar ƙadangaru. Sai na shiga lura da masu shiga. Tsofaffi da jakar cefane, 'yan makaranta, ba wanda aka tambaya takarda. Na ce ai ya san fuskokinsu. Wata mai hijabi ta shige a kan keke da burodi a kwando, na ce wannan tana da tasrihi. Wata ta shiga da karenta. Na ce ikon Allah, har kare yana da hanya.

Ɗana dai ya gaji ya buga waya. Ba a jima ba na hango jikata tana fitowa ta ƙaramin bakin hagu, da gudu, takalmanta a hannu, mayafinta ya karkace. Ashe ta baro ɗakin ana saura mutum ɗaya a kira ta. Ta durƙusa a gabana tana haki, ta kama gwiwar tana matsawa.

"Wacce ce, Sitti? Wannan?"

Da na ga gumi a goshinta, girman kan ya sauka. Na jawo kunnenta na raɗa mata abin da nake zato. Ta kalle ni. Na ga leɓenta yana rawa, amma 'yar albarka ta danne dariyar.

Ta ce, "Sitti, motoci yake hanawa. Hayaƙinsu da jijjigarsu suna cinye dutsen. Ƙofar nan don mayaƙa aka yi ta, shekaru sama da ɗari huɗu. Tsagun can sarƙar gada ce take bi ta ciki, in abokan gaba sun taho a janye gadar. Kwarin nan da ruwa ne fal."

"Rubutun fa?"

"Sunan wanda ya sa aka gina ne, yana yabon kansa."

Na ce, "Wannan kam ko'ina akwai irinsu."

Ta ce mu tashi. Amma hali zanen dutse. Na ce sai na ji daga bakin mai hular. Ubanta ya dafe kai. Ta ja ni har gaban mutumin, ta yi masa magana da harshensu. Ya dube ni, ya dubi ƙofar, sai ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, ya faɗi wani abu. Ta ce wai ya ce ƙofar ta daɗe da daina zaɓen baƙi, kuma in ina so zai raka ni. Ya miƙo mini hannu in dafa. Na ɓoye nawa a cikin abaya na ce ta yi masa godiya, ƙafata lafiya lau.

Ɗana ya ce, "Alhamdu lillahi, gwiwa ta warke."

Na yi bisimilla na shiga da ƙafar dama, ta babban bakin, ba ta ƙanana ba. Ciki sanyi kamar randa. Duk da saurin da muke yi sai da na tsaya, don na ga wasu kwarkwaɗa biyu a duwatsun ƙasa, sumul kamar an shafe su da mai. Jikata ta ce sawun ƙafafun amalanke ne, shekara da shekaru suna bi har suka ci dutsen. Na sunkuya na taɓa. Na so in tambayi me suke ɗaukowa, su wa ke jan su, amma ta fizgi hannuna.

Mun isa an riga an kira sunanta har sau biyu. Na tsaya a bakin ɗakin ina kallon jikata tana ba wata malama mai farin gashi haƙuri. Shekarun karatun yarinyar nan duka suna rataye a fuskar matar. Malamar ta leƙo ta dube ni ta saman tabarau, ta daɗe, sannan ta rubuta wani abu. Aka mayar da jikata ta ƙarshe. Awa biyu na yi a kan kujerar katako ina istigfari. Da aka zo kanta ta miƙe, ta nemi fuskata, ta same ta, ta buɗe baki. Ko kalma ɗaya ban gane ba, amma na ga malaman suna gyaɗa kai. Da aka gama ƙawayenta suka ɗora mata wani kambi na ganye, alamar ta ci nasara, ta cire ta aza mini a kan mayafi, ban hana ta ba.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, mudun garinku ba ya auna hatsin kowane gari. Kuma tambaya ɗaya da na ƙi yi wa ɗan cikina, don kada a ce tsohuwa ba ta sani ba, ta kusa jawo wa marainiyar da na raina asarar wahalarta. Tun daga ranar, in ban gane abu ba, ko jikan jikana ne a kusa, buɗe baki nake yi in ce, "Zo nan, wannan mene ne?"