Malam Alu Mai Awon Ruwa

Ina zaune gaban ordinatar, wato kwamfuta, a biro, ofishinmu, da hantsi direbanmu ya dawo daga Tama, ya tsaya bakin ƙofa ya kasa shigowa. Na tambaye shi ko lafiya, ya ce Malam Alu ya cika da asuba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na kashe na'urar na fashe da kuka, don a wurina tamkar uba na rasa.

Tun ban san kaina ba Malam Alu yake awon ruwan sama da zurfin rijiyoyi a ƙauyukan Buza da Keita, yana rubutawa a littattafai. Da aka kawo ordinatar ofishinmu na binciken noma, ni aka ɗora wa aikin shigar da rubutunsa, saboda gara ta fara cin tsofaffin littattafan. Bai taɓa sa hannu ga na'urar ba. Kujera yake jawowa kusa da ni, yana karantawa ina bugawa, yana tsokanata wai yatsuna sun fi kaina sauri.

Ashe da gaskiyarsa. Wata rana ya leƙa ya ga na zuba sifiri duk inda ya bar fili. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba.

"Ɗiyata, sifiri na nufin na je na tarar ba a yi ruwa ba. Fili kuwa ban samu zuwa ba. Kada ki sa ni yi wa jikokinmu ƙarya."

Wallahi na ji kunya. Ranar na gane littattafan cike suke da alamomin da shi kaɗai ya san ma'anarsu: ɗigon da ke nuna gulbi ya tare hanya, layin da ke nuna an sauya igiyar awo. In ya tafi da su a kansa, aikin rayuwarsa ya zama tarin lambobin da ba mai iya dogara da su.

Shi ne kuma ya hana mu sakankancewa da disket, faifan da muke ajiye bayanan ordinatar a ciki, bayan zafin bazara ya lalata mana guda biyu. Ya kan ce, "Abin nan kamar irin hatsi ne, in ba a sabunta shi ba sai ya mutu a rumbu." Ya sa duk kaka mu kwafe a sababbi, a kai wasu Tawa, wasu Yamai.

Da ciwo ya kwantar da shi, ya aiko in zo da takarda. Kwana huɗu ina zaune gefen tabarmarsa, matarsa Inna Hajo na tallabe da shi, yana fassara mini alamomin ɗaya bayan ɗaya. In na ce ya huta sai ya harare ni. Da muka kai ƙarshe ya sa na maimaita masa duka, ya gyara wuri biyu, sannan ya ce yanzu kam zai iya barci.

Jiya na gama buga bayanin, na haɗa shi da lambobin a kowane disket. Duk wanda zai gina rijiya a yankinmu na Adar, ko bayan babu mu, zai karanta ya gane ba sai ya nemi mai fassara ba.

Allah Ya jiƙan Malam Alu, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa wannan ilimi ya riƙa kai masa lada. Allah Ya ba Inna Hajo da 'ya'yansa haƙuri, Ya raya abin da ya bari. Mu kuma Allah Ya ba mu ikon riƙon amanarsa.